Ludayin furotin da ake ƙara maka a lemo: yadda za ka san abin da ke cikinsa kafin ka biya

Ka gama zaɓen abin da kake so a markaɗa maka, ayaba da mangwaro da 'yar madara, sai yaron da ke bayan tebur ya ɗago kai ya ce, "Yallaɓai, a sa maka furotin?", wato sinadarin gina jiki. Mutane na jira a bayanka, kai kuma daga wurin motsa jiki kake, gumi bai ma bushe ba. Ka ce a sa. Ya buɗe wata roba marar rubutu a jiki, ya nutsa ɗan ludayi ya ɗebo farin gari, ya juye a blanda. Kafin ka ƙifta ido garin ya ɓace cikin ayaba, kuɗi kuma ya hau. Da wani zai tare ka a bakin ƙofa ya tambaye ka giram nawa na furotin ka saya, kuma da me aka yi shi, da wuya ka iya ba shi amsa. Cinikin biri a sama ke nan, kuma kullum ana yin sa.

Daga Amurka wannan ɗabi'a ta taso. Shagon markaɗaɗɗen lemo na Smoothie King ya fara a jihar Luwiziyana a 1973, takwaransa Jamba Juice kuma a Kalifoniya a 1990, dukansu sun saba wa mutane da jerin 'yan ƙare-ƙaren da ake zubawa a kofi a kan ƙarin kuɗi. A ƙarshen Satumban 2025 kamfanin shagunan gahawa na Starbucks ma ya shigo sahu a Amurka da Kanada, da madarar da aka cakuɗa da garin furotin, da kumfa mai furotin da ake ɗorawa a kan gahawa mai sanyi. 'Yan'uwanmu da ke karatu ko aiki a can suna cin karo da tambayar kusan kowace safiya, kuma yanzu ta iso shagunan lemo da wuraren motsa jiki na manyan biranenmu.

Ni a wurina garin nan ba guba ba ne, ba kuma magani ba ne. Abinci ne da aka tace aka busar. Abin da ke damuna shi ne mutane suna biyan kuɗin sunan, ba sa tambayar adadin. Ga hanyar da nake bi, mataki bayan mataki.

Mataki na 1: Nemo inda aka rubuta alƙaluman

Idan a Amurka kake, doka na bayanka. Tun daga Mayun 2018, duk gidan abinci mai rassa 20 ko fiye dole ya rubuta kalori, wato ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, a allon farashi, kuma ya tanadi cikakken bayani a rubuce ga duk wanda ya nema: furotin, sukari, kitse, sodiyam da sauransu. A Ingila ma tun Afrilun 2022 kamfanonin abinci masu ma'aikata 250 ko fiye suna rubuta kalori. Manyan shagunan nan suna sa jadawalin a shafinsu na intanet ko a manhajar waya, kuma ƙare-ƙaren galibi a can ƙasan jadawalin ake jera su, bayan an gama lissafa lemukan.

A ƙananan shaguna, irin waɗanda muka fi mu'amala da su a gida, da wuya ka sami jadawali. A nan sai ka ce a nuna maka ainihin robar ko ledar da garin ya zo a ciki. Ka duba sunan kamfanin, ranar lalacewa, lambar rajistar NAFDAC in a Najeriya ne, sannan ka ɗauki hoton bayan robar da wayarka. Ba rashin kunya ba ne, cikinka abin zai shiga. Mai shagon da ya san kayansa na kirki ne, da murna zai miƙo maka.

Mataki na 2: Raba ludayin da kofin

Lissafi biyu ne a nan, kada ka haɗa su. Akwai abin da ludayin kaɗai ya ƙunsa, akwai kuma abin da kofin gaba ɗaya ya ƙunsa. Idan allo ya ce lemo kaza na da furotin giram 26, ba duka daga garin suka fito ba. Madarar da aka zuba kofi guda na ba da kusan giram 8, cokali biyu na markaɗaɗɗiyar gyaɗa kusan giram 7. Saura giram 11 ke nan daga ludayin da ka biya kuɗi dominsa.

In jadawalin bai ware garin shi kaɗai ba, nemo lemo iri ɗaya, girma ɗaya, mai furotin da marar furotin, ka ɗebe wannan daga wancan. Abin da ya rage shi ne kayan ludayin.

Sai batun awo. Rubutun bayan roba yana magana ne a kan awon kamfanin, sau da yawa wajen giram 30 na gari. Ludayin shago ba lallai ya kai haka ba. Na taɓa tsayawa a wani shago ina kallon yara biyu suna aiki da roba ɗaya: ɗaya yana ɗebowa da tozo, ɗayan yana shafe bakin ludayin da yatsa, har ma yakan girgiza shi. Kuɗi ɗaya mutanen biyu suka biya. Ragin giram 5 na gari mai kyau yana nufin ragin giram 4 na furotin, wato kashi biyu bisa uku na furotin ɗin ƙwai guda. Don haka tambayar da ta dace ita ce: ludayin nan na cikin robar ne, ko naku ne na shago?

Mataki na 3: Lissafin ninkawa da huɗu

Nan ne zuciyar aikin, kuma in ka riƙe wannan kaɗai ma ka ci riba. Kowane giram na furotin yana ba da kalori 4. Giram na sitaci ko sukari shi ma 4. Giram na kitse 9. Da waɗannan lambobi uku za ka iya tone asirin kowane gari.

Ka ninka giram ɗin furotin da 4, ka raba da jimillar kalorin ludayin. Abin da ya fito shi ne kason da furotin ke da shi a cikin abin da aka sayar maka.

Bari mu ƙaddara gari biyu don gwaji. Na farko an rubuta kalori 110, furotin giram 25, sitaci giram 1, kitse rabin giram. Furotin ya ba da kalori 100 cikin 110, kashi 91 cikin 100 ke nan. Wannan tataccen gari ne. Na biyu an rubuta kalori 100, furotin giram 12, sitaci giram 9, kitse giram 2. Furotin ya ba da 48 kacal cikin 100. Fiye da rabin abin da ke cikin ludayin ba abin da ka zo nema ba ne. A ido dukansu farin gari ne, a allo dukansu sunansu furotin, wataƙila ma na biyun ya fi daɗi a baki.

Ma'aunin da nake amfani da shi: in kason ya haura 75 cikin 100, gari ne mai kyau. In yana tsakanin 60 da 75, ba laifi, musamman in na tsirrai ne, don su dama sukan zo da ɗan sitacinsu. In ya gaza 60, sai na juya robar na karanta jerin kayan haɗi. A ƙa'ida ana jera su ne daga mafi nauyi zuwa mafi ƙanƙanta. In ka ga maltodextrin, ko sukari, ko garin mai irin na farar madarar shayi a cikin ukun farko, ka gano inda ragowar kalorin ya tafi. Maltodextrin sitaci ne da aka farfasa, ba shi da zaƙi sosai amma yana ɗaga sukarin jini da sauri, kuma yana da arha, shi ya sa ake cika roba da shi.

Akwai gwaji na biyu da lissafin nan ke ba ka. Ka haɗa duka ukun: furotin sau 4, sitaci sau 4, kitse sau 9. Jimillar ta kamata ta yi kusa da kalorin da aka rubuta. A gari na biyu, 48 da 36 da 18 sun ba da 102, an rubuta 100, ya yi daidai, don ana yin ƙididdigar ne a dunƙule. Amma in ka ga robar da ta ce kalori 90 alhali tana iƙirarin furotin giram 30, ka ajiye ta. Giram 30 kaɗai kalori 120 ne. Wanda ya buga wannan takarda ko dai bai iya lissafi ba, ko yana zaton kai ba ka iya ba.

Mataki na 4: Daga ina furotin ɗin ya fito?

Giram 20 na wannan ba daidai yake da giram 20 na wancan ba. Furotin gini ne da aka yi da tubala iri 20 da ake kira amino asid. Guda 9 daga ciki jiki ba ya iya ƙera su, dole daga abinci za su zo. Ingancin furotin ya rataya ne a kan ko yana da tubalan nan tara a wadace, da kuma yadda ciki ke iya narkar da shi.

Wanda ka fi gani a allo shi ne whey, wato ruwan cuku. Duk wanda ya taɓa ganin Bafulatana tana yin wara ya san shi: ta ɗora madara a wuta, ta sa ruwan tumfafiya, madarar ta tsinke, farin ya dunƙule, sai wani ruwa mai ɗan rawaya-rawaya ya rage a tukunya. Irin wannan ruwan ne masana'antun cuku ke samu da yawan gaske, don lita 10 na madara na ba da kusan kilo 1 na cuku, sauran kusan duk ruwa ne. Su sai su tace shi su busar ya zama gari. A furotin ɗin madarar saniya, kusan kashi 20 cikin 100 ne ke bin wannan ruwa, sauran 80 suna cikin dunƙulen. Yana da tubalan tara cif, yana narkewa da wuri, kuma yana da yalwar lusin, tubalin da ke zaburar da ginin tsoka.

Iri biyu za ka fi gani. Wanda aka rubuta wa concentrate, mai kyansa yana da furotin kusan kashi 80 cikin 100, amma akwai masu rauni da ke sauka har 34, kuma yana ɗauke da ragowar sukarin madara. Wanda aka rubuta wa isolate an ƙara tace shi, furotin kashi 90 ko fiye, sukarin madara ɗan kaɗan ne. In kana cikin waɗanda madarar ruwa ke sa wa kumburin ciki da ƙugi, alhali kindirmo ba ya damunsu, to sukarin madara ne matsalarka, kuma isolate zai fi zauna maka.

Na waken suya shi ma cikakke ne, ɗan'uwan awara ne da aka cire wa mai da sitaci. Na busasshen fis mai launin rawaya, wanda ake rubuta wa pea, yana da ƙarancin tubalin metiyonin. Na shinkafa kuma yana da ƙarancin laisin. Shi ya sa kamfanoni ke haɗa su biyun a roba ɗaya, kowanne ya toshe giɓin ɗan'uwansa. Hikimar da ke cikin shinkafa da wake ke nan, ko ɗanwake, wadda iyayenmu mata suka daɗe suna yi ba tare da ɗakin gwaji ba.

Sai kolajin, wanda a kansa aka fi ruɗar mutane, musamman mata da ake tallata wa shi da sunan gyaran fata. Ka ajiye farfesun ƙafar saniya ya kwana ya huce, da safe ka tarar romon ya daskare yana rawa. Kolajin ne ya yi haka. Furotin ne, ba ƙarya, amma ba shi da tubalin tiriftofan sam, ɗaya daga cikin taran nan, kuma lusin ɗinsa kaɗan ne. Giram 10 na kolajin ba za su tsaya a madadin giram 10 na ƙwai ko madara ba wajen gina tsoka. A Amurka akwai wata alama mai amfani: kason buƙatar yini da ake rubutawa a gefen furotin ana gyara shi ne bisa ingancinsa, a kan ma'aunin giram 50 a rana. Gari mai giram 20 na ruwan cuku zai nuna kashi 40. Na kolajin zalla kuwa za ka tarar wurin babu komai, ko an sa sifiri.

Mataki na 5: Halacci da abin da jiki ba ya so

Wannan tambayar ba a cikin jadawalin kalori take ba, amma ga Musulmi ita ce kan gaba. Ruwan cuku ya biyo ta hanyar sinadarin da aka tsinka madarar da shi, wanda ake kira renet. A da daga tumbin ɗan maraƙi ake samun sa. Yau akasarin cukun Amurka da wanda aka samar ta hanyar ƙananan halittu ake yi, amma na dabba bai ƙare ba, kuma malamai sun yi saɓani a kan na dabbar da ba a yanka ba. Kolajin ya fi buƙatar lura, don ana yin sa da fatar shanu, ko ta kifi, ko ta alade. In ba a rubuta tushensa ba, ni ba na sha. Hanya mafi sauƙi ita ce neman hatimin hukumar tantance halal a jikin roba, irin su IFANCA a Amurka. Na waken suya da na fis ba su da wannan matsala daga tushe.

Wanda kuma jikinsa ke tashi in ya ci gyaɗa ko madara ko waken suya, ya tuna blanda ɗaya ake markaɗa wa kowa, ɗauraya ce kawai ake yi tsakanin kofi da kofi. Ya faɗa tun kafin a fara. Kuma isolate ba mafita ba ne ga wanda furotin ɗin madara ne kansa ke tayar masa da ƙuraje ko toshewar numfashi, wannan dabam yake da mai kumburin ciki.

Mataki na 6: Koma kan kofin, ka ƙirga sukari

Ludayin yana da kalori 100 ko 120. Kofin da aka zuba shi ciki yana iya kai 500 ko 700. A nan mutane da yawa ke gudu ba su tsira ba: sun bar lemon kwalba don lafiya, sun koma wa kofin da ya fi shi sukari, don kawai an rubuta furotin a jikinsa.

Mu ƙirga. Ayaba matsakaiciya tana da sukari kusan giram 14. Kofi guda na ruwan lemon zaƙi kusan giram 21. Babban cokali na zuma giram 17. Ga giram 52 tun ba a sa dabino ko madarar gwangwani mai zaƙi ba. Gwangwanin Coca-Cola mai mililita 330 giram 35 ne. Don ka gani da ido, raba giram ɗin da 4, zai ba ka adadin ƙananan cokula: 52 cokali 13 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2015 ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa, haɗe da zuma da ruwan 'ya'yan itace, ya kai kashi 10 cikin 100 na kalorin yini, wato kusan giram 50 ga mai cin kalori 2,000, kuma ta ce in an sauko zuwa rabin haka ya fi. A Birtaniya hukumar lafiyarsu ta ba da shawarar a taƙaita ruwan 'ya'yan itace da markaɗaɗɗen lemo ga mililita 150 a rana. Kofin oza 20 da shagunan Amurka ke sayarwa a matsayin na kullum ya kusa mililita 600.

Yi wa kofin irin lissafin da ka yi wa ludayi. Kalori 500 da furotin giram 20: 80 cikin 500, kashi 16 kacal. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Gyaran kuwa a bakinka yake: ka ce a sa madara ko ruwa maimakon ruwan 'ya'yan itace, a bar zuma da sukari, a yi ƙaramin kofi. Ayabar da ta nuna ta isa zaƙi.

Ka leƙa layin sodiyam ma in kana da hawan jini. Iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ita ce ƙasa da miligiram 2,000 a rana, kusan giram 5 na gishiri, kuma garin waken suya da na fis sukan fi na madara sodiyam saboda yadda ake tace su.

Mataki na 7: Shin kana ma buƙatarsa?

Baligi mai lafiya da ba ya aikin ƙarfi yana buƙatar kusan giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 70, giram 56 ke nan a rana. Mace mai kilo 60, giram 48. Tsofaffi ana so su kai 1 zuwa 1.2, don tsoka na zubewa da shekaru. Masu ɗaga ƙarfe da 'yan wasa kuma tsakanin 1.2 da 2, wato mai kilo 70 da ya ɗauki 1.6 zai nemi giram 112.

Yanzu ka zauna ka ƙirga abin da ka ci jiya. Ƙwai biyu wurin mai shayi, giram 12. Yanka biyu na burodi, kusan 6. Kofin madara ko kindirmo, 8. Da rana shinkafa da wake, in waken ya kai giram 200 dafaffe, kusan 15, shinkafar ta ƙara 4. Da dare tuwo da 'yan yankan nama da suka kai giram 60, kusan 15. An haura 56 tun ba a ƙirga tuwon da daddawar miya ba. Mai irin wannan cin, in ba ya motsa jiki mai tsanani, ludayin bai ƙara masa komai ba sai kalori. Furotin da ya wuce buƙata ba ya zama tsoka don kansa, jiki ƙona shi yake yi ko ya adana ƙarfinsa. Abin da ke kiran tsoka aiki ne.

Amma mai neman giram 112, ko ɗalibin da ya wuni a kan burodi da taliyar leda, ko dattijuwar da haƙora suka hana ta tauna nama, su kam giɓinsu na gaske ne. Ga irinsu giram 20 zuwa 30 a zama ɗaya ya wadatar. Ludayi biyu ko uku a kofi ɗaya ɓarnar kuɗi ce, gara a rarraba a cikin yini.

Mataki na 8: Auna farashin da ƙwai

Ƙwai guda giram 6 ne, don haka shi ne ma'aunina. Raba furotin ɗin ludayin da 6. Giram 18 ƙwai 3 ne, giram 12 ƙwai 2. Sai ka kwatanta kuɗin da aka ƙara maka da kuɗin wannan adadin na ƙwai a unguwarku. Gwangwanin kifin sadin na ba da kusan giram 20. Giram 100 na gyaɗa kusan 25, haka ma giram 100 na madarar gari. Ƙuli-ƙuli da kilishi da awara duk suna nan a bakin titi.

Inda ludayin ya yi zarra wuri biyu ne. Na farko sauƙi: a filin jirgi, ko tsakanin aji da aji, ko lokacin sahur da abinci ba ya shiga. Na biyu ƙarancin kalori: ƙwai 3 sun haura kalori 200, alhali tataccen gari zai ba ka giram 18 ɗin a ƙasa da 100, abin da ke da amfani ga mai rage ƙiba. Sai dai ƙwai na zuwa da bitamin A da D da B12, wake na zuwa da harza da sinadarin ƙarfe, garin kuwa kusan furotin ne tsirara.

Mataki na 9: Amanar rubutun da ke jikin roba

Duk lissafin da muka yi ya dogara ne a kan cewa takardar gaskiya ta faɗa. A Amurka, bisa dokar 1994, hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ba ta tantance kayan ƙarin abinci kafin su shiga kasuwa, kamfani ne ke ɗauke da alhakin abin da ya rubuta.

Akwai kuma wata kafa a yadda ake auna furotin. Hanyar da aka daɗe ana bi, wadda masanin Denmak Johan Kjeldahl ya fito da ita a 1883, ba furotin take aunawa kai tsaye ba. Sinadarin naitirojin take aunawa, sai a ninka da 6.25. Duk abin da ke da naitirojin zai bayyana kamar furotin. Ta wannan kafa aka bi a ƙasar Sin a 2008, aka zuba melamin, wani sinadarin masana'antu mai yawan naitirojin, a madarar jarirai da aka tsinka da ruwa, yara kusan 300,000 suka kamu, 6 suka rasu. A garin furotin dabarar ba ta kai wannan muni ba, amma irinta ce: a zuba tubala masu arha irin su glycine da taurine don lambar ta hau. In ka gan su a sahun gaba na jerin kayan haɗi, ka yi shakka.

Batun gubar dalma ma ya taso. A Oktoban 2025 ƙungiyar kare masu saye ta Amurka, Consumer Reports, ta gwada kayan furotin 23, ta sami dalma a mafi yawansu fiye da ma'aunin da ita ta ɗauka, kuma na tsirrai sun fi na madara, don shuka na tsotso ta daga ƙasa. Mu da muka ga abin da dalma ta yi wa yaran Zamfara a 2010 ba sai an yi mana dogon bayani ba. Adadin da ke cikin gari bai kama ƙafar wancan ba ko kusa, amma dalma taruwa take yi a jiki, don haka mai sha kullum da mai juna biyu su ne ya kamata su fi kula. Abin nema a jikin roba shi ne hatimin masu gwaji masu zaman kansu, irin su NSF Certified for Sport ko Informed Sport. Garin da ake aunawa a leda marar suna kuwa, komai arharsa, a bar shi.

Mataki na 10: A gaban tebur

Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa, don ƙodar da ta raunana tana wahala wajen fitar da dattin da furotin ke bari. Mai ciwon sukari ya fi mai da hankali ga mataki na 6. Yara ba sa buƙatar garin nan, ƙwai da madara da wake sun ishe su, yaro mai tamowa kuma asibiti za a kai shi. Ka kuma kiyayi sauran ƙare-ƙaren da ke jere kusa da furotin a allo, masu sunan ƙarin kuzari ko ƙona kitse, don galibi akwai sinadarin kafin a ciki, irin na gahawa da goro. Iyakarsa ga baligi miligiram 400 ne a rana, ga mai juna biyu 200.

In layi ya zo kanka, tambaya uku sun isa: wane iri ne, giram nawa ne a ludayi, kuma zan iya ganin robar? Ni abin da nake cewa a yi mini shi ne ƙaramin kofi, ayaba ɗaya, madara, ƙanƙara, ludayi ɗaya na ruwan cuku, ba zuma ba sukari. Wannan yana ba ni furotin wajen giram 30 a kalorin da bai kai 400 ba. Ranar da yaron ya ce oga ya kulle robar a sito, ko ya ce shi ma bai san iri ba, sai na karɓi lemona haka nan ba gari, na biya ta wurin mai shayi na ce ya soya mini ƙwai uku.